Ranar da Aka Zo Auna Hayaƙi

Tun da aka ce masu auna hayaƙi na tafe, Haliru ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shi ne mai iza wuta a 'yar tashar lantarkin da wani kamfani ya kafa bayan Illo, injin gas a gefe, tukunyar kwal a gefe. Doka ta ce in hayaƙin kwal ya wuce ƙa'ida a rufe tukunyar, gas ya ci gaba. Gas kuwa ina ruwansa da mai shebur? Tsoro ya kama Haliru ƙwarai, don shekara tara da wutar nan yake ci da iyalinsa.

"Malam, zamna ka sha kunu mana," in ji matarsa Mero. "Sai kai da komo kakai kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Ina! Ko takalmi bai sa daidai ba ya fice.

A tashar, Injiniya Olatunji zai tafi Bagudo tarbo baƙin, ya ce wa Haliru, "Baba, su zo su ga aiki mai kyau."

To, ai ka ji. Haliru ɗan maƙera ne, a gidansu abin kunya ne baƙo ya iske wuta kwance. Ya share fili, ya yayyafa ruwa, ya leƙa hanya, ya dawo, ya sake leƙawa. Da ya hango motar baƙin sai ya tuɓe riga ya dinga zuba kwal ba ƙaƙƙautawa, har tukunya ta ɗauki ruri. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, ya nufi ƙasar Benin abinsa.

Olatunji ya fito mota hannu bisa kai. "Baba! Wa ya ce ka ƙara?"

"Injiniya, su iske ta tana barci, su ce ba ta da amfani?"

Shugabar baƙin ta dubi na'urarta, ta dubi dattijon da gumi ke zuba. "Sannu da aiki, Baba. Ban taɓa ganin tukunya mai ci haka ba."

Wayyo Haliru, har da rusunawa yana godiya.

Kafin la'asar takardar rufe tukunyar ta fito. Kuma duk tashar ba wanda ya iya kashe wutar nan a hankali ba tare da tukunya ta tsage ba, sai mutum ɗaya, Haliru. Olatunji ya miƙa masa shebur, ya kasa haɗa ido da shi.