Robar Miya Mai Shuɗin Murfi

Mahaifina mai gyaran firji ne, ya fi shekara talatin a sana'ar, amma duk layinmu babu firjin da ya kai namu tsufa. Ƙofarsa sai an ɗaure ta da igiyar roba, idan ya tashi aiki kuwa har maƙwabta sai sun sani. Haka fankar kicin, shekara huɗu tana rataye ba ta juyawa. Umma ta yi mita har ta gaji, amsar Baba kullum ɗaya ce: "Gobe in Allah ya kai mu." Allah ya yi ta kai mu, fanka dai ba ta juya ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Umma. Kwana biyu kafin ciwo ya kwantar da ita ta yi miya, ta zuba ragowar a wata roba mai shuɗin murfi, ta sa a gidan ƙanƙara. Baba ya hana kowa taɓa robar. Idan aka ɗauke wuta, janaretan shagonsa yake turowa a baro ya kunna wa firjin, shi kuma ya zauna yana fifita da kwali. Abin yana ba ni haushi, na kuma sha faɗa masa. Amma ba zan ɓoye ba, duk ranar da na je gidan ni ma sai na faki idonsa na buɗe firjin na kalli robar nan. Kewar Umma nake yi, miyar nan kaɗai ce abin da hannunta ya yi da bai ƙare ba.

Ranar Asabar da hantsi firjin ya fara wani irin kuka, Baba ya tsorata, ya ce yau zai canza masa inji. Da wani ne, da sai ya fara kai robar gidan maƙwabta. Amma mai gyaran firji ya ɗauki roba ya je roƙon ƙanƙara? A lissafinsa aikin awa ɗaya ne, ya yi irinsa ya fi a ƙirga. Yana taɓa bututun firjin, tsatsa ta riga ta cinye shi, ya karye a hannunsa. Ya liƙe nan, can ya ɓalle. Ya yi ta cewa saura kaɗan har la'asar.

Sai a lokacin ya kira ni a waya. Na tarar da shi zaune a ƙasan kicin cikin kayan aiki, robar tana kan cinyarsa, ruwa yana ɗiga daga jikinta.

"Ta narke, Malama," ya ce. Haka yake kirana tun da na fara koyar da kimiyya a sakandare.

"Kawo in kai gidana, Baba. Nawa firjin yana aiki."

Ya girgiza kai. "Shekara nawa ina faɗa wa mutane abin da ya narke ba a mayar da shi ƙanƙara? Ko a ci yau, ko gobe a zubar."

Na so in yi masa faɗa, don maganar tana bakina, amma na ga aikin gama ya gama, kuma idonsa ya yi ja. Na zauna kusa da shi. Sai na kama abin da na iya.

"Ka san me nake koya wa 'yan ajina? Ƙarfin da ke cikin abinci daga rana yake. Rana ta ba tumatir, tumatir ya ba miya, miya ta ba wanda ya ci. Ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa. Wata bakwai ka kulle shi a roba, bai yi wa kowa aiki ba."

"Ke komai sai kin mayar da shi aji," ya ce, amma ya miƙo mini robar.

Na dafa farar shinkafa, na juye miyar a ƙaramar tukunyar Umma. Da ta fara tafasa ƙamshin ya cika kicin, sai da na dafa bango. Na ji kamar in na waiwaya zan ganta tana goge hannu da gefen zani, tana cewa in rage wuta.

A kwano ɗaya muka ci, a hankali. Baba ya yi loma ta farko ya daɗe bai haɗiye ba.

"Gishiri bai ji ba," ya ce.

"Saboda hawan jininka take ragewa."

"Na sani. Kullum sai na yi mata ƙorafi."

Bai bar komai ba, har robar sai da ya suɗe da yatsa. Na ɗauka zai shiga ɗaki ya kwanta. Sai na ga ya miƙe, ya jawo kujera tsakiyar kicin, ya ɗauki sukudireba.

"Riƙe mini kujerar, Malama."

Ya hau, ya kwance murfin fankar, ya hure ƙura, ya ciro wani ɗan abu da ya ƙone, ya sa sabo daga aljihun rigarsa. Ya sauko ya danna makunni. Fanka ta yi ƙara sau biyu, ta fara juyawa, labulen taga ya motsa.

Baba ya je ya tsaya gaban murhu, daidai inda Umma take tsayawa, iska tana kaɗa masa riga. Ya duba agogon hannunsa.

"Minti goma," ya ce. "Shekara huɗu tana girki a nan cikin zafi, ashe aikin minti goma ne."