Zogale Marar Saiwa

Idirisa ya durƙusa a bakin kwatar siminti, ya kara tafin hannunsa a cikinta. Zafi ya ji, kamar ya taɓa tukunya. Kwana arba'in ke nan ruwa bai iso garkar zogalensa ba, wadda ke can ƙarshen layi, dab da hanyar mota ta Jiratawa. Injin da gwamnati ta ci bashin banki ta kafa yana nan yana ruri, amma ruwan a garkunan manya yake ƙarewa. Kuɗin ruwa kuwa, da aka ce da shi za a biya bashin, bai taɓa ɓatan hanya ba. Da faɗin fili ake yanka shi, ko ka sha ko ba ka sha ba.

Jibo, mai karɓar kuɗin a madadin biro, wato ofishin masu kula da ruwan, abokinsa tun suna yara, ya tsaya a kansa.

"Idirisa, jika arba'in na sefa ne. In Juma'a ta wuce, biro za su amshe garkar."

"Jibo, dubi itacen ga. Mi zan saida? Ƙirare?"

"Na gani, aboki. Ni ma aiko ni anka yi."

*

Matarsa Hidaya, mai sayar da kwaɗon zogale a Maraɗi, ta kai akuyarta kasuwa. Shi kuma ya taka har Tibiri wurin yayansa, ya dawo da jika biyar da addu'a mai tsawo. Tsoro ya hana shi cin abinci, don garkar nan kaɗai ubansa ya bar masa, kuma baki bakwai take ciyarwa.

Ranar Juma'a ya ajiye jika ashirin da uku a teburin biro. Magatakarda ya ƙirga, ya zuba a aljihun tebur.

"Wannan rabi ne, malam. Banki ba ya jin rabi. Dangwala nan."

Aka karɓe kuɗin, aka karɓe garkar, duka biyu da dangwale ɗaya.

*

Kwana biyu bayan haka Jibo ya yi sallama, yana sosa ƙeya. Mutanen banki za su zo gobe su ga yadda aikin ke tafiya, kuma garkar farko da idonsu zai faɗa a kai ita ce ta bakin hanya. Ana son wanda zai sare busassun itatuwan, ya kafa ɗanyun rassa a gurbinsu. Ladan jika biyu ne.

Idirisa ya buɗe baki zai zage shi, sai Hidaya ta yi magana daga bayan zana.

"Malam, tahi. Tun jiya ba mu ɗora tukunya ba."

Da sassafe ya sare zogalen da ya shuka da hannunsa, ya soke rassan da aka yanko daga garkunan manya, layi-layi. Yana cikin yi ya ji motsi a kwata. Ruwa ne, yana gudu, yana ture ƙasa da kara. Ashe yana iya isowa. Toshe hanyar garkunan manya kawai aka yi.

Motoci uku suka tsaya. Shugaban biro ya dafa kafaɗarsa.

"Ga ɗaya daga cikin waɗanda suka amfana. Malam, ɗan yi murmushi, za a ɗauki hoto."

Ya yi.

Motocin na ɓacewa, ruwan ya ɗauke. Kafin la'asar rassan duk sun sunkuyar da kai. Idirisa ya cire hularsa ya fara tsinkar ganyen da ya yi yaushi, ko Hidaya ta samu na kwaɗon gobe.

"Aboki," in ji Jibo, idonsa a ƙasa, "garkar an ba wani tun jiya. Ganyen nashi ne."

Idirisa ya daɗe yana duban hular. Sannan ya kife ta a kan kwatar, wadda ta riga ta fara bushewa.