Wanda Ya Amsa Sunan Nicanor

Ni na kira su, kada a ɗora wa kowa. Ni Eulalia, mai sayar da tamal, wato alalar masara da ake naɗewa a ganye, a bakin tashar motar unguwarmu, can saman tudun Toluca. Kowa ya san halina. Na taɓa ɓalle ƙofar mai gidan haya da guduma saboda ya rufe mana ruwa.

Ƙanena Nicanor shekara uku yana shan kiristal, wannan farar masifa mai kama da gishiri. Na fara kai shi asibitin gwamnati. Suka ce babu gado sai bayan wata bakwai, kuma sai ya zo da ƙafarsa yana so. Mutumin da yake hira da bango, shi ne zai riƙe ranar ganin likita? Asibitin kuɗi kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba. Saura gida irin na Padrino Eusebio, inda tsofaffin mashaya ke tsare sababbi. Padrino suke ce masa, wato ubangidansu.

Ran wata Talata da tsakar rana ƙartin Padrino huɗu da na kira suka zo a farar mota, suka naɗe Nicanor a bargo. Sau ɗaya ya ce, "Yaya Lala." Na juya na ci gaba da wanke tukunya.

Dokar gidan ita ce wata uku ba gani, ba waya. Ran Lahadi dangi su miƙa abinci ta wata 'yar taga a jikin ƙofar ƙarfe, a miƙo musu kwanon makon jiya. Ginin shuɗi ne, ba shi da taga ko ɗaya ta wajen titi. Duk lokacin da na je, murya ɗaya nake ji daga ciki, tana magana ba tashi ba sauka. Padrino ya ce maganin ke nan: kowa ya hau mumbari ya faɗi rayuwarsa kaf, tun daga nonon uwa, ya sauko wani ya hau, gobe a sake.

Ni da ƙulli nake gaisawa da ƙanena. Ina ɗaure kwanon da ƙyalle, shi kuma in ya cinye ya ɗaure shi irin ƙullin da babanmu ɗan dako ya koya mana, kunne biyu a gefen hagu, don Nicanor bahago ne. In na ga kunnuwan nan sai in iya barci.

Lahadi ta bakwai kwanon ya fito da ƙulli sakwa-sakwa, irin na kowa.

Na buga ƙofa har Padrino ya leƙo da murmushinsa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Wannan ba ƙullin ƙanena ba ne."

"To ai sauƙi ke nan. Tsohon mutum yana mutuwa, sabo yana fitowa. In kika shiga yanzu kin rushe aikin mako bakwai. Kina so ya koma hira da bango?"

Ba na so. Ni mai guduma na ɗauki kwanona na koma gida kamar yarinyar da aka aika. Na ce wannan karon zan bi doka. Na yi ta zarya ofishin lafiya, teburi ya tura ni teburi, Lahadi uku suka wuce, kwanon yana dawowa a wanke tas da ƙullin da ba nasa ba. Sai a mako na goma aka haɗa ni da mai duba gidajen jinya, Malama Berenice, mace mai gilashi da takardu a hammata. Ba muguwa ba ce. Gida casa'in ne a wuyanta, in ji ta, ban da waɗanda ba su da rajista.

Muka je da hantsi. Padrino ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, har da cewa in shigo ni ma, ba abin da yake ɓoyewa. Tsakar gidan na warin maganin wanke ƙasa. Maza sun jeru a layi huɗu, kai a aske ƙwal, duk a rame, hannu a baya. Ban taɓa ganin taron maza da ba mai ko tari ba. Na bi fuskokin ɗaya-ɗaya har sau biyu, ban ga ta ƙanena ba.

Malama Berenice ta fara kiran suna, ana amsawa. Ta zo kan namu.

"Nicanor Arreola."

"Ga ni."

Wani mutum ya fito daga layi na uku, sanye da koriyar rigar da na saya wa ƙanena. Tsayinsu ɗaya. Ban taɓa ganinsa ba a duniya.

"Wannan ba shi ba ne," na ce.

"Haka dangi ke cewa," in ji Padrino a hankali. "Ɗan da suka kawo suke nema."

Katin shaidar Nicanor ya daɗe da ɓata. Na nuna hoton da ke wayata, na tun yana da kumatu da gemu. Malamar ta dubi hoto, ta dubi mutum, ta gyara gilashi.

"Abin nan yana cinye fuska, 'yar'uwa. Yi masa tambaya mana."

Na matsa kusa da shi. "Kai, ɓarawon riga, ya sunan uwarmu?"

"Remedios. Tana da haƙori ɗaya na azurfa, tana tsoron tsawa."

"Wa ya fasa madubinta?"

"Ni na fasa, ke aka daka, Yaya Lala. Ba ki tona ni ba."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na tambaye shi abin da ba mai sani sai mu biyu: me muka yi ranar da aka binne Mama?

Ya ɗan karkata kai hagu, ya shafi hanci, sak yadda Nicanor ke yi. Ya ce bayan kowa ya watse mun hau rufin ɗaki, mun cinye gurasar 'yan makoki duka, muna ci muna dariya, sai ni na yi amai a tukunyar furen Mama, muka rantse ba za mu faɗa wa kowa ba. Yana magana ba tashi ba sauka, irin muryar nan da nake ji ta bayan ƙofa. Na ɗaga ido na kalli sauran. Leɓunansu duka suna motsi tare da nasa, ba sauti. Mutum arba'in suna biya amaina a rufin ɗaki. Mako bakwai ƙanena yana hawa mumbari kullum, sun haddace shi. Ko wanne aka sa wa koriyar riga zai iya.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na riƙe hannun malamar na ce ta dubi bakunansu. Kafin ta ɗago leɓunan sun daina motsi.

Ta tambayi mutumin ko da yardarsa yake zaune. Ya ce da yardarsa. Ya sa hannu da hagu, rubutun a karkace, amma duk gidan ba wanda hannunsa ba ya rawa. Arba'in da ɗaya a takarda, arba'in da ɗaya a tsaye. Laifi ɗaya ta samu, tulun kashe gobara ya tsufa, a sauya kafin wata. Na yi ta zagi har ƙarti biyu suka raka ni waje da ladabi.

Ina tsaye a titi 'yar tagar ta buɗe. Mai koriyar riga ne, an aiko shi da kwanona. Wannan karon da tasa muryar ya yi magana, ƙasa-ƙasa, muryar mutanen bakin teku.

"Zazzaɓi ya yi. Ran Alhamis bayan Lahadi ta bakwai aka fita da shi a bargo, a farar motar. Ba ya motsi. Mu ba ma tambaya."

"Kai ka fara ɓata ƙullin?"

"A'a, na farkon shi ya yi da hannunsa. Da gangan. Ya faɗa mana a mumbari. Ya ce Yayata za ta gani, ita ba ta jira, gobe za ku ji guduma a ƙofar nan." Ya tura kwanon waje. "Ranar Litinin wuni ya yi yana kallon ƙofa. Talata ma."

Na karɓi kwanon. Ban ji nauyinsa ba.

"Ni daga titi aka ɗauko ni, ba ni a takarda, ba mai kawo min komai," ya ce. Ya waiga baya, sannan ya karkata kai hagu, ya shafi hanci. "Yaya Lala, ran Lahadi za ki kawo?"