Fartanyar da Birkila Ya Ara

Tun da ya ajiye tuƙi, Direba ya tare a lambun bayan gida: fangalin tumatir, na alayyafo, ga albasa can jikin katanga. Yana da shebur da manjagara da lauje, amma 'yar fartanyar nan mai gajeriyar ƙota ita ce ta hannun damansa. Bakinta ya cinye har ya yi siriri, tana ratsa tsakanin albasa ta tsinko ciyawar ƙiri-ƙiri ba ta taɓa saiwar shuka ba.

Ita ce maƙwabcinsa Birkila ya ara, ya ce gobe-goben nan zai dawo da ita. Goben ta zama mako.

Ranar da ta dawo, Birkila bai ko shigo ba. Ta saman katanga ya miƙo ta, yana ta zuba godiyar da ta fi ƙarfin aron fartanya. Direba ya karɓa ya jinjina. Ƙotar dai tasa ce, ga gurbin babban yatsansa nan ya yi sumul. Amma da ya durƙusa ya kai sara, sai ta kwashe albasa har da ƙasarta.

"Wannan ba fartanyata ba ce," ya ce wa matarsa.

Tana shanya a igiya, ba ta ko juyo ba. "Baban yara, ko dai hannun ne ya fara tsufa?"

"Hannuna lafiyarsa lau. Ƙota tawa ce, ƙarfen na wani ne."

"To, sai a kai ƙotar kotu ta ba da shaida."

Bai yi dariya ba. Ya fito da fartanyar cikin rana ya ƙura mata ido. An goga wa ƙarfen laka da toka, amma bakin yana da kauri, da gani bai san ƙasa ba. Daga ranar ya sa wa Birkila ido. Da ya ji motsin noma a bayan katanga, sai ya kifa bokiti ya taka ya leƙa. Lambun Birkila tas, ko tsinken ciyawa babu. Da me yake nome shi haka? Kuma me ya sa yanzu in sun haɗu a ƙofar gida yake gaisuwa yana kallon takalminsa?

Da abin ya ishe shi, ya saɓa fartanyar ya nufi maƙera. Maƙerin ya juya ta, ya yi tari, ya ce shi fa mutane da yawa ke kawo masa aiki, ba ya riƙe fuskar kowa.

"Ai ban tambaye ka komai ba tukuna," in ji Direba.

Maƙeri ya sosa ƙeya. "Kawu, don Allah kada ka ce daga bakina ka ji. Birkila ne ya zo da ƙotar, ƙarfen ya rabe biyu. Wai busasshen siminti ya ɓanɓara da ita. Ya roƙe ni in ƙera sabo, in tsufar da shi."

Direba ya dubi sabon ƙarfen. Da sata ce ma, da ya san tana nan wani wuri tana aiki.

"Ina ɓarin?"

Maƙeri ya tono ɓari biyun daga tulin ƙarafa. Direba ya zaɓi babban, ya ce a wasa shi a sa masa 'yar ƙota, ko ciyawar gindin tumatir ya riƙa cira da shi.

Da yamma Birkila ya leƙo zai yi sannu da aiki. Sai ya ga ɓarin tsohuwar fartanyar a hannun Direba.

"Yaya, ashe..."

"Ashe," in ji Direba, bai ɗago ba. "Simintin dai ya ɓanɓaru ko?"