Haƙorin Makka da Alewar Ingila

Shekara uku Izzuddeen ya yi yana karatu a Ingila, matarsa Juwairiyya tana zaune gidan iyayenta a Azare. Ranar da ya je neman izinin ɗaukar ta, ya tafi da tsaraba: turare, takalma, da ƙatuwar leda ta alewa mai danƙo, kowace a naɗe cikin takarda.

Surukarsa Hajiya Larai ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ita ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta kawar da kai, ƙanwarta Saudatu tana amsa rabin gaisuwar.

Da ya ajiye kaya ya faɗi abin da ya kawo shi, da shi ke nan. Sai ya buɗe ledar ya shiga bayani. An fi shekara sittin ana yin alewar nan, da wani suna aka fara sayar da ita, daga baya aka canza. Wannan ɗanɗanon lemun zaƙi, waccan na lemun tsami.

"Hajiya, ku ɗanɗana ɗaya."

"An gode. A ajiye."

"A'a, yanzu dai, ku ji."

Ya manta cewa suruka ba ta cin abu a gaban mijin 'yarta, balle 'yar fari. Saudatu ta yi gyaran murya, bai gane ba. Ya ɓare ɗaya ya miƙa da hannu biyu. Barin hannun a miƙe ma abin kunya ne, don haka Hajiya ta karɓa, ta ja mayafi ta kare bakinta.

Ta tauna sau biyu, ta tsaya cak.

"Ya kuka ji ta, Hajiya?"

Hajiya ta dafe kunci.

"Yaya, lafiya?" in ji Saudatu.

Hajiya ta sunkuya ta tofa a tafin hannu. Ga alewar, ga haƙorinta na Makka a manne a jiki, yana walƙiya.

Saudatu ta yi salati, dariya ta ƙwace mata. "Kai Bature! Mun ba ka 'ya, sai ka haɗa da haƙori?"

Izzuddeen ya matso. "Bari in gani, akwai likitan da zai mayar..."

Wato suruka ta buɗe masa baki ya leƙa. Sai da maganar ta fita ya ji ta. Hajiya ta miƙe ta shige ɗaki, ta saki labule.

Ya zauna yana kallon saƙar tabarma. Ba wanda ya ce ya tashi, ba wanda ya ce ya zauna.

Can Saudatu ta share hawayen dariya ta rage murya. "Tashi ka tafi. Maganar Juwairiyya, ka turo kawunka. Kai kam kada ku haɗa ido sai bayan Babbar Sallah."

Saura wata biyu Sallah.

Yana sa takalmi a zaure ya hangi akwatunan Juwairiyya guda uku, an jere su an ɗaure tun kafin ya iso. Saudatu ta kama hannun na farko, ta fara jan shi cikin gida.