Goshi Ta Tafi Kiwo

"Kwance ta, Ikhlas. La'asar ta yi, lokacin kiwo ne."

Baba Sabitu ne ke magana daga gadonsa na igiya a ƙarƙashin rumfa, murya kamar daga cikin tulu, matarsa Barira na yi masa fifita. Ikhlas, maƙwabciyarsu mai sayar da shayi, ta dubi saniyar da ke ɗaure a turke. Goshi ke nan, ita kaɗai ta rage cikin garken da a da yake cika bayan unguwar Hajj Yusuf.

"Haba Baba, kiwo a ina? Filin ai duk an gine shi. Raksha ce, mai ƙafa ukun nan, za ta buge ta."

"Ba kora za ki yi ba, 'yar nan. Mu ba ma kora. Gaba muke shiga, mu kira, su biyo."

Tun da tsohon ya kwanta Goshi ta daina ci. Ikhlas ta sayo ɗanyar ciyawar barsim a kasuwa, ta jiƙa dusa, har gishiri ta barbaɗa. Ina! Ko shinshinawa. Haƙarƙari duk ya fito. Kuma nonon saniyar nan ne kaɗai abin da zai riƙe Barira. Tsoro ya kama Ikhlas: in ta kwance mota ta kashe, in ta bari yunwa ta kashe.

Tana cikin wannan tunani sai Barira ta yar da mafici ta ɗauki salati. Kalas, shi ke nan, Baba ya cika.

Ba a ko rufe masa ido ba Goshi ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa wajen ƙofar gida, irin na dabbar da ta ji kiranta. Ikhlas kuwa ba ta ji komai ba. Sai ta tuna maganar Baba. Ta kwance igiyar.

Saniyar ta fita a natse, kamar akwai mai tafiya a gabanta. A bakin titi ta tsaya, daidai inda Baba ya saba ɗaga sanda, sai da motoci suka wuce ta tsallaka. Ikhlas na biye, ko takalmi babu. Suka ratsa sababbin gidaje, har wani fili da aka malale da siminti za a ɗora bene.

Nan Goshi ta sunkuyar da kai. Ko tsinke babu a wurin. Amma tana fizga, tana tauna, tana kaɗa wutsiya, koren ruwa na gangarowa ta gefen bakinta.