Saura Goma Sha Uku

Illo ya ɗaga murfin firigo, ya ture ledojin ƙanƙara gefe, ya ciccibo dunƙulen simintin da hannu biyu. Sanyi ya cije masa yatsu. Ya dire shi cikin bahon ruwa a ƙofar shagonsa na unguwar Yantala, kamar yadda ɗansa Mansur ya roƙe shi kafin ya fita kai takardunsa na neman aiki wani biro, wato ofis.

Safiatou mai sayar da lemu-hari, lemon sha mai sanyi, tana tsaye da kularta.

"Malam Illo, har yanzu dutsen nan na kwana a wurin ƙanƙarata? In ya nuna a ɗiba mini."

"Aikin injiniya ne, Safiya."

"Injiniyan jirgin ƙasan da ba ya zuwa? Ni dai awaki nake gani a kan dogon nan."

Ta karɓi leda huɗu ta tafi tana dariya.

Shekara biyar Mansur ya yi a Rasha yana karatun sandunan siminti da ake jerawa ƙarƙashin ƙarfen jirgin ƙasa, yadda za su jure daskarewa da narkewa ba su fashe ba. Ya dawo da diplom, takardar shaidar kammala karatu, zuwa garin da ruwa ba ya daskarewa sai a firigo. Duk biro ɗin da ya shiga, a yaba masa, a raka shi ƙofa. Daga nan ya shige ɗaki. Wata bakwai ba ya aski, ba ya zuwa masallaci, abinci sai uwarsa ta yi kuka yake taɓawa.

Sai tsohon malaminsa na Rasha ya rubuto masa: ya haɗa siminti da yashin kogin nan, ya daskarar ya narkar sau ɗari uku, in bai tsage ba, akwai gurbi a wurinsu. A ranar nan Mansur ya yi wanka, ya nemi shinkafa. Kowane zagaye yana jan layi da alli a bangon shago. Zuwa jiya layi ɗari biyu da tamanin da shida.

Illo ya sunkuya zai juya dunƙulen, farcensa ya maƙale. Ya goge wurin da bakin riga. Tsaga ce, siririya kamar gashi, daga kusurwa ta gangaro tsawon ɗan yatsa. Ya sake gogewa. Tana nan.

Ya zauna a kan benci. Mansur ya taɓa yi masa bayani da kwalbar da ta fashe a firigo: "Baba, ruwa in ya daskare kumbura yake. Shi ya sa muke barin ƙananan kumfan iska cikin siminti, ya sami wurin miƙe ƙafa. In bai samu ba, sai ya buɗa wa kansa. Tsaga kuwa in ta fara, kowane zagaye ƙara ta yake."

Da azahar Mansur ya dawo, takardunsa a hammata, takalmi duk ƙura.

"Yaya biro?"

"Sun ce in bar lambar waya." Ya yi murmushi, irin wanda Illo ya yi wata bakwai yana roƙon Allah ya sake gani. "Bar su, Baba. Ina mutumin namu? Ya narke?"

"Ya narke."

"Bari in duba shi."

"Je ka ci abinci tukun, uwarka na jira. Ni zan mayar."

Mansur ya ɗauki alli ya ja layi. "Saura goma sha uku," ya ce, ya shige gida yana kiran uwarsa.

Illo ya ciro dunƙulen, ruwa na ɗiga daga tsagar. Ya sa shi a firigo, ya juya gefen nan ya fuskanci bango, ya jera ledoji a kansa. Ya daɗe riƙe da murfin. Kuran, wutar lantarki, bai ɗauke ba yau. Injin na ta gurnani, lafiya lau. Ya rufe.